Kunnuwan Ankul a Dajin Roba

Shekarun baya, lokacin da nake karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, na taɓa yin wani aiki wanda har yau in na ba da labarinsa sai mutane su ɗauka zolaya nake. Na zama kunnuwan wani tsoho. Aikin ke nan, ba ƙari ba ragi, kuma ina gaya muku na iya shi.

A Taman Melati nake zaune a lokacin, ni da wani abokina ɗan cikin birnin Kano. Kullum da safe mu kama hanyar Jalan Semarak inda makarantarmu take, da yamma mu dawo a gajiye. Shi ɗan birni ne gaba da baya, ni kuwa a ƙauye na tashi, a gidan mafarauta. Mahaifina bai taɓa zama babu karnuka a ƙofar gidansa ba. Tun ina ƙarami na san yadda ake fita da rani, a buga gangi, a busa ƙaho, matasa su bazu da gorori, karnuka na haushi ana cuna su. A wurinmu farauta hayaniya ce. Inda ka ji ihu ya fi yawa, can naman yake, sai ka zuba da gudu.

Wata Juma'a ina dawowa daga masallaci na tarar layinmu ya hargitse. Wani kare ne fari mai dabbare-dabbaren ja, siriri, da kunnuwa zube, ya kuɓuce daga wani gida yana ta zagaye. Maƙwabtanmu yawanci 'yan Malay ne, su kuwa suna kaffa-kaffa da yawun kare ƙwarai, don haka kowa ya ja da baya, mata suna janye yara. Karen ya nufi babban titi. Ban ma yi tunani ba, na tsugunna na yi masa fito irin namu, ya tsaya, ya zo yana shinshina ta, na kama wuyansa.

Mai shi ya iso yana haki. Tsoho ne ɗan asalin Caina, gajere, kansa fari fat. A can duk dattijo Ankul ake ce masa, ni ma haka na riƙa kiransa har muka rabu. Ya dubi hulata, ya dubi hannuna a wuyan karensa.

"Kai ba Musulmi ba ne?"

"Musulmi ne, Ankul."

"Me ka ce?"

Na maimaita da ƙarfi, na ƙara da cewa ubana mafarauci ne, da karnuka ya ciyar da mu. Ya juyo min kunnensa na dama, na sake faɗa. Da ya ji kalmar farauta sai fuskarsa ta washe. Ya kama hannuna ya ce sai na shiga na sha shayi.

A falonsa na ji labarin. Yana saurayi ya yi aiki a Ingila, a can ya koyi farautar wani tsuntsu da suke kira wudkok, mai dogon baki, launinsa irin na busasshen ganye, girmansa bai kai na fakara ba. A cikin duhuwar kurmi yake laɓewa inda ƙasa ke da danshi, kuma ba a samunsa sai da irin wannan karen. Da ya dawo gida sai ya koma neman kazar daji a tsofaffin gonakin roba da ke kan tsaunuka bayan Gombak, da lasisinsa da komai. Amma ya rantse min sau ɗaya, tun 'yarsa tana goye, ya taɓa ganin mai dogon bakin a waɗannan tsaunuka, lokacin da tsuntsayen ƙasashen sanyi ke saukowa. Ya ce ba wanda ya taɓa yarda da shi.

Matsalar ita ce kunne. Ana ɗaura wa karen 'yar ƙararrawa a wuya, don a cikin kurmi ba ka ganinsa, da sautinta kake sanin inda yake. Shi kuwa Ankul, shekarun harbi sun cinye masa ji. In ka ɗaga murya zai ji ka, amma siririn sauti irin na ƙararrawa ya tafi. Yana da na'urar saƙalawa a kunne, sai dai a daji kukan gyare da iska kawai take cika masa kai da su. A fitarsa ta ƙarshe karen ya ɓace masa, ya yi ta bulayin nema har ya faɗa wani kwazazzabo, masu tatsar roba ne suka tsinto shi suka kawo shi gida da targaɗe. Karen sai washegari aka same shi.

Muna cikin haka 'yarsa ta shigo. Babbar ma'aikaciya ce a wani otal a Bukit Bintang, mace mai magana ɗaya. Ta gaishe ni sama-sama, ta ji abin da uban yake shiryawa, ta ajiye jakarta.

"Pa, mun gama wannan maganar. Ƙarshen shekara kare zai koma gonar ɗan uwanmu, bindiga a mayar wa 'yan sanda."

"Ai na sami kunne yanzu, lah," in ji shi da wannan lah ɗin da 'yan can ke liƙa wa ƙarshen magana, yana nuna ni da babban yatsa.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ɗalibi ne ko? In ka gama ka koma ƙasarku fa? Ya koma kwazazzabon?"

Gaskiya ta faɗa. Amma na ga yadda hannun tsohon ya sauka a kan karen, ya tsaya a nan. Matarsa ta rasu, abokan farautarsa sun ƙare ɗaya bayan ɗaya, wannan dabbar ce kaɗai ke sa shi tashi da asuba. Abin ya taɓa ni sosai. Da ƙyar ta yarda mu gwada zuwa ƙarshen shekara, bisa sharaɗin in karen ya sake ɓacewa ko sau ɗaya ne, magana ta ƙare.

Da na gaya wa abokina, dariya ya yi har da riƙe ciki.

"Guy, wai da gaske kake? An turo ka Malaysia yin masters, ka ƙare a yaron kare? Wallahi sai na kira gida."

"Kira mana. Babana ma sai ya fi alfahari da wannan a kan masters ɗin."

"To ka ji, no problem. Amma ka yi wanka kafin ka shigo min ɗaki, kuma in an samu nama a yi mana tapau, a ƙunso mana namu."

Asabar ta farko muka fita a tsohuwar motarsa, muka bi tsohon titin da ke hawa tsauni har muka kai wata gonar roba da aka daɗe da watsarwa, kurmi ya cinye ta. Ni ba ruwana da bindiga, ko taɓa ta ban taɓa yi ba, baƙo da takardar karatu ba ya wasa da wannan. Ankul ya ɗaura wa karen ƙararrawa ya ce min, "Ka bi ta da kunne. In ta yi shiru, ka nuna min wajen." Na gyaɗa kai. Ban tambayi dalili ba, don a ganina ɗan mafarauci ba ya tambayar yadda ake farauta.

Karen ya shige ciki, ƙararrawa tana ta ƙil-ƙil-ƙil, hagu, dama, gaba. Can sai ta ɗauke. Na nuna wajen, muka kutsa. Na riga tsohon isa, na tarar da karen ya ƙame, ƙafa ɗaya a ɗage, wutsiya a miƙe, ko ƙiftawa ba ya yi. Na bi hancinsa da ido, sai ga zakaran daji a laɓe ƙarƙashin ganye, kusa ƙwarai. Raina ya ɓaci. A garinmu karen da ya ga nama ya tsaya kallo, ranar ba shi da tuwo. Na buɗe murya iya ƙarfina da Hausa, "Kama shi! Kama!" na kuma yi tsalle na afka da kaina.

Zakaran ya tashi ya bi ta bayan itatuwa, Ankul ko ɗaga bindigarsa bai kai ga yi ba. Karen ya juyo ya dube ni. Na sha kallon raini a rayuwata, amma ban taɓa shan irin na wannan karen ba.

Tsohon ya zauna a kan wani kututture ya yi dariya har da hawaye. Ya ce wannan ihun ko shi ya ji shi. Sannan ya yi min bayani. Irin karen nan ba ya kora, ba ya kamu, ba ya haushi. Aikinsa ya nemo tsuntsu da hanci, ya tsaya ya tsare shi da ido har maigidansa ya iso ya tayar da shi da kansa. In maigidan bai zo ba, zai yi ta tsayuwa. Ko ka kira shi ba zai amsa ba matuƙar tsuntsun yana nan. Abin da ya faru ranar kwazazzabo ke nan. Karen bai ɓace ba, yana kan aikinsa yana jira, maigidan ne bai san inda zai je ba.

Daga ranar na juya kaina gaba ɗaya. Na koyi rufe baki, abin da 'yan gidanmu za su ce ba zai yiwu ba. Na koyi bambanta sautin ƙararrawa in karen yana gudu da in ya fara sanɗa, don kafin ta ɗauke sai ta rage, ta riƙa zuwa ɗaya-ɗaya. Na kuma lura da wani abu da ban gaya wa kowa ba. In ya daɗe a tsaye, tsuntsun ya ɗan motsa, shi ma yakan karkata kai kaɗan, sai ƙararrawar ta yi ƙil sau ɗaya tak ta sake yin shiru. Mun yi fita da yawa, ba mu taɓa rasa shi ba. Abokina ma ya ci farfesun kazar daji, bayan ya sa na rantse masa cewa ni na yanka ta da hannuna kafin ta cika.

Da shekara ta zo ƙarshe, daminar can ta kankama, 'yar Ankul ta ce za ta bi mu ta gani da idonta kafin ta yanke hukunci. Ta zo da sababbin takalman roba, da maganin sauro, da fuskar wadda ta riga ta gama yanke hukuncin. Tsohon kuwa tun a mota yake ta surutu kamar yaron da za a duba wa jarrabawa.

An kwana ana ruwa, dajin ya jiƙe sharkaf. Wani ɗan rafi da muka saba tsallakewa da taki ɗaya ya cika yana ruri. Karen ya gangara ta wajensa, ƙararrawa tana raguwa, sai rurin ruwan ya haɗiye ta. A nan ne, karo na farko, ban san ko shiru ta yi ko ruwa ne ya rufe ta ba. Na nuna inda na ji ta ƙarshe, muka gangara. Babu kare. Muka bi bakin rafin gaba, babu. Muka dawo baya, babu.

Ankul ba ya kallon daji, fuskata yake kallo, don a nan yake karanta komai. Na yi iya ƙoƙarina na daidaita ta, amma ya gane. 'Yarsa ta fara tafa hannu tana ƙwala kiran karen, muryarta tana rawa, don ita ma ba mugunta ce ta kawo ta ba, tsoro ne. Ba abin da ya motsa. Ta juyo wurin uban.

"Ka gani ko, Pa? Ga shi da kunnen ma. Da kai kaɗai ne yau fa?"

Ankul ya buɗe bindigar, ya zare harsasan ya zuba a aljihu, ya rataya ta a hannu. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Wannan zare harsasan ya fi min ciwo a kan a ce kuka ya yi.

Na ce, "Madam, alfarma ɗaya nake roƙo. Mu hau can sama mu bar ruwan nan, sannan kowa ya tsaya. Kada a kira shi, kada a taka ko ganye."

"Mu tsaya mu yi me?"

"Mu saurara. Yana nan, aiki yake. In ya gaji da tsayuwa zai ɗan motsa kai."

Ta dubi uban, ta yarda. Muka hau wani ɗan tudu muka tsaya. Ni da na taso cikin gangi da ƙaho, ga ni ina hana mutane tari a daji. Ruwa yana ɗiga daga ganye, gyare na ta kuka, sauro ya samu gara a wuyana ban iya ko marinsa ba. Muka daɗe, har na fara jin zuciyata tana cewa na kunyata tsohon nan a gaban 'yarsa.

Sai na ji ta. Ƙil, sau ɗaya, siririya, kuma ba ta wajen rafi ba, ta bayanmu ce can sama. Ashe karen ya tsallaka ya zagayo.

Hannuna ya fara ɗagawa, sai na ga kan matar nan ya juya daidai wajen, a daidai lokacin. Ita ma ta ji. Na mayar da hannuna na sa a aljihu, na yi kamar ina kallon wani gefen. Ta dube ni tana neman tabbaci, na ƙi haɗa ido da ita. Sai ta kama hannun rigar ubanta ta ja, ta miƙa yatsa.

"Can, Pa. Na ji ta. Can sama."

Ita ta shige gaba, da sababbin takalmanta, tana ture rassa. Muka same shi a cikin wata duhuwa inda ƙasa ta yi laushi. Yana tsaye ƙyam, ƙafa a ɗage, jikinsa yana ɓari don gajiya. Matsattsaku sun hau ƙafafunsa sun sha sun kumbura, jini yana bin farin gashinsa, amma bai gusa ba. Duk kiran da ta yi masa yana ji. Ta sa hannu ta rufe bakinta.

Ankul bai mayar da harsashi ba. Ya wuce ta gefen karen a hankali, ya taka gaba kaɗan. Ganyen da ke gabansa ya tashi sama. Wallahi haka na gani, kamar ƙasar ce ta yi fiffike. Tsuntsu ne ja-ja mai faɗin fuka-fuki, dogon bakinsa yana kallon ƙasa, ya karkata nan ya karkata can tsakanin itatuwan roba, ya ɓace.

Tsohon ya tsaya baki buɗe. Ya juyo wurin 'yarsa, muryarsa ta koma ta yaro.

"Kin gan shi? Kin ga bakin?"

"Na gani, Pa."

"Tun kina goye nake gaya muku."

"Na sani. Na gani."

Sai ya tambaye ta, ba ni ba, "Da ya tashi ya yi ƙara?"

Ta matsa ta kai bakinta kusa da kunnensa na dama ta ce masa ya yi, kamar an kakkaɓe jiƙaƙƙen zane. Ya lumshe ido ya gyaɗa kai ya ce haka ne, haka yake yi, ya tuna. Ni dai na tsugunna na shiga cire wa kare matsattsaku, don idona ya ciko kuma ba na son a gani. Can sai ga hannunta kusa da nawa, tana cirewa tana yamutsa fuska.

A hanyar dawowa muka tsaya a wani mamak, irin shagon abincin nan na Indiyawa Musulmi, muka yi makan, wato muka ci abinci. Ba wanda ya ɗauko maganar gona ko ta 'yan sanda. Sai da ta shanye shayinta ta dube ni ta ce, "Kai ma ka ji ta, ko?" Na ce ruwa ne ya cika min kunne. Ta harare ni, don ba yarinya ba ce, sannan ta tambayi uban da wane lokaci ake fita ranar Asabar.

Mun yi wasu fitar mu uku, ina nuna mata yadda sautin ke raguwa kafin ya ɗauke. Ba a jima ba ta fara riga ni nunawa, kuma wannan karon ba bari nake yi ba. Wata Asabar na fito da takalmana na tarar motar ta riga ta tafi. Haka aka sallame ni daga aiki ba ko takardar godiya, abokina ya samu abin tsokana na wata guda. Karen ya zauna a gidan har tsufa ya ɗauke shi. Bindigar kuwa Ankul da kansa ya mayar da ita daga baya, suka ci gaba da fita hannu sake, shi da 'yarsa da karen, a nemo tsuntsu a tayar a kalla.

Da na dawo gida na ba mahaifina labarin karen da ke ganin nama ya tsaya, ya yi dariya ya ce da nasa ne da tuni ya bayar da shi kyauta. Ban yi masa gardama ba, kowa da irin dajinsa. Amma ni na san abin da na ɗauko daga can. A da ina ganin in tsoho ya fara rasa wani abu, gatan da za a yi masa shi ne a karɓe sauran a ce ya huta. Yanzu ba na ganin haka. Na ga mutumin da ya zare harsasansa da kansa don ya ɗauka ya gama amfani, na kuma gan shi bayan ɗan lokaci kaɗan yana tambayar yadda fiffike ke ƙara.

Bara da rani na je ƙauye. Muna zaune a zaure da hantsi aka buga gangi a bayan gari, ƙaho ya biyo baya, karnukan unguwa suka ɗauka. Na dubi mahaifina, mutumin da a da kafin a yi bugu na biyu ya kai ƙofa. Yana ta gyaran igiyar da ke hannunsa, bai ɗago ba. Ƙannena suka yi min ido wai in ƙyale shi. Na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baba, an buga gangi. Ta gabas suka bi, wajen fadama." Ya ajiye igiyar, ya dube ni, ya ce in miƙo masa gorarsa, in kuma sa takalmi don shi ba ya jiran mutum a hanya.